Waken Ban Haƙuri na Dada Asta

Duk ranar Asabar, kafin rana ta yi zafi, Dada Asta takan share rumfar ƙofar gidanta a unguwar Nasarawo ta Gombe, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi. Sai ta koma ciki ta fito da faya-fayai a hammata, ta jera su, ta bi kowanne ta zuba masa wake. Waken nan kuwa ba irin wanda mace za ta saya don girkin baƙo ba ne. Wanda ya fi kowanne datti take nema a kasuwar hatsi, mai tsakuwa da ƙaiƙayi da wanda ƙwaro ya huda. Masu awo sun san ta sarai, da sun hango ta sai su fara dariya suna cewa ga mai sayen shara ta iso. In ta dawo gida ta ga dattin bai kai yadda take so ba, da hannunta take ɗibar tsakuwa a bakin layi ta ƙara masa.

Idan ta jera wa kowa nasa, takan ƙara faifai ɗaya a hannun damanta. Wannan ba a ɗaukarsa. Sabon zuwa in ya miƙa hannu gare shi, tsofaffin ajin sukan taɓa gwiwarsa su nuna masa wani.

Jim kaɗan sai ka ji keke mai ƙafa uku ya tsaya, acaɓa ya tsaya, wani ya iso da ƙafa yana waige-waige kada wanda ya san shi ya gan shi. Ƙarti ne majiya ƙarfi, waɗanda in suka daka tsawa a tasha sai fasinja ya manta inda za shi. Wani ƙungiyar masu keke ce ta karɓe makullinsa ta ce sai ya je wurin Dada. Wani mai unguwa ne ya turo shi, wani surukinsa, wani kuwa shi ya kawo kansa bayan ya ga ɗansa yana ɓuya a bayan ƙyaure in ya ji sallamarsa. Dukansu ciwo ɗaya ya tara su, wato zuciya. Kowa ya iso, kalmar da za ta tarbe shi ɗaya ce da Fillanci, "Joɗa," wato zauna. Har wasu ba su san ta da wani suna ba sai Dada Joɗa.

Wannan baiwar Allah ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Ta fara aiki a ɗakin da ake karɓar masu rauni, ta ƙare a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. A can ta ɗinke goshin da aka fasa saboda layin lodi, ta ɗaure hannun matar da aka karya saboda miya ta yi gishiri, ta kuma ga waɗanda suka yi ɓarnar suna tsugune a baranda sun haɗa kai da gwiwa, da na sani ta zama ƙeya. Takan ce asibiti a ƙarshen labari yake saduwa da fushi, ita kuwa so take ta tare shi tun daga farko. Da ta ajiye farar riga sai ta buɗe aji a ƙofar gidanta, ba allon sanarwa, ba yankar kati. Maza ranar Asabar a rumfa, mata ranar Laraba a tsakar gida, inda tsohuwar abokiyar aikinta Madam Edna take taya ta.

Mu da muke layin mun sha tsayawa kallo, don abin da dariya yake a farkon gani: ƙato da gemu ya tanƙwashe ƙafa, faifai a cinya, yana tsintar wake da yatsun da suka saba da sitiyari. Doka ta farko, ba a magana a tsaye. Ta biyu, ba a magana sai hannu yana cikin wake. Mutum zai fara ba da labarin faɗan da ya yi, murya tana hawa, sai ta ce, "Ga tsakuwa can ka tsallake." Dole ya sunkuya ya nema, kafin ya ɗago muryar ta sauko da kanta.

Kuma ba ta yarda a fara labari daga wurin faɗan. In mutum ya ce, "Dada, kawai sai ya zage ni," sai ta ce, "Bar zagin tukuna. Me ka ci da safe? Ƙarfe nawa ka kwanta? Wa ya ɓata maka rai kafin ka fito?" Da an bi sawu sai a tarar wanda aka mara a tasha da azahar marin wani ya karɓa, wanda aka ɗauko tun daga gida. Ta koya musu ɗora yatsa a wuyan hannu su ji yadda jini yake gudu. Ta sa kowa ya gano inda fushinsa yake fara sauka: wani kunnuwansa ne suke zafi, wani muƙamuƙinsa ne yake ɗaurewa, wani ƙafarsa ce take rawa.

"Fushi yana sallama kafin ya shigo," in ji ta. "Ku ne dai ba ku san muryarsa ba. Da kun ji sallamar, ku nemi wuri ku zauna. In ba wurin zama, ku bar wurin, ku wanke fuska, mai alwala ya yi alwala, ku ja numfashi har cikinku ya cika. Maganar ba ta guduwa, za ku dawo ku same ta."

Wata rana wani ɗan acaɓa mai tsokana ya ce, "Wato dai Dada so kike mu dafa dutse mu sha romo."

Ta ce, "Wa ya ce ka dafa? Cewa na yi ka tsince shi ka yar. Wanda ya haɗiye fushi bai huce ba, ajiya ya yi."

Dada, ke ce ba ki taɓa cewa da matar da aka daka ta je ta ƙara haƙuri ba. Ke ce kika ce haƙuri ba kayan wanda aka zalunta ba ne shi kaɗai, wanda ya ɗaga hannu ma sai ya ɗauki nasa kason. Ke ce in kika lura ƙwaya ce take tuƙa mutum, ko wata larura da ta fi ƙarfin faifai, kike yafa mayafi ki raka shi wurin likita da ƙafarki, ba tare da kin bari 'yan aji sun san inda kuka nufa ba.

Waken da aka tsince kuwa ba ya zama a rumfa. Duk wanda Dada ta ga ya fara jin sallamar fushinsa, sai ta bi wakensa da yatsu ta tabbatar ba tsakuwa, ta juye a langa mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle, a kai wa wanda ya ɓata wa. Shi ne 'yan aji suke kira waken ban haƙuri. In wanda aka kai wa ya dafa ya dawo da langar da abinci a ciki, ƙofa ta buɗe, mai laifi yana iya zuwa ya yi magana da bakinsa. In wake ya dawo ɗanye, ba a yafe ba ke nan, sai a koma kan faifai. Ba a matsa wa kowa, ba a kuma aika dattijo ya je ya yi wa mutum nauyi.

A cikin waɗanda suka bi ta rumfar nan, ba wanda layinmu ya fi tunawa kamar Sadisu. Ɗan unguwar Gabukka ne, iyayensa daga wajen Katsina suka zo, a lokacin yana tuƙa keke. Ya zo ne don a mayar masa da makullinsa bayan ya fasa wa wani direba baki a kan layi. Ya tsaya ƙiƙam a bakin rumfa ya ce, "Ni fa ba mahaukaci ba ne, Hajiya. Ki sa hannu kawai a ce na zo."

"Joɗa," in ji Dada.

Ya zauna da ƙyar. Ta ɗora masa faifai. Bai yi nisa ba ta tambaye shi wa yake yi masa girki a gida. Ashe nan ciwon yake. Matarsa Najiba tana gidan iyayenta tun ranar da ya yi jifa da kwanon miya ya daki bango, miyar mai zafi ta fallatsa a hannun 'yarsu Ummi. Da ya ji an taɓo wurin, sai ya miƙe ya yi wurgi da faifan. Wake ya watsu har cikin kwata.

Muka ce yau za a yi ta. Dada ba ta ko dube shi ba. Ta dafa ƙasa ta durƙusa, da gwiwoyinta masu ciwo, ta fara tsintar waken ƙwaya-ƙwaya. 'Yan aji suka ajiye nasu suka taya ta. Sadisu yana tsaye yana huci, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya riƙe shi, ya rasa da wa zai yi faɗan. Can sai muka ga ya tsuguna a gefenta yana tsinta, hawaye yana sauka a kan gemunsa. Ta miƙa masa faifan ta ce, "Yanzu ka ga yadda Najiba take yi bayan ka fita."

Langar farko da aka kai wa Najiba ɗanya ta dawo. Ta biyu ma haka. Sadisu ya ce shi ya gaji, mace ba za ta mayar da shi abin wasa ba. Dada ta ce ya duba ko kunnuwansa sun yi zafi. Ya taɓa, ya yi tsaki, ya ja faifai. Damina ta wuce, aka yi kaka, sannan wata Asabar langa ta dawo da nauyi. Aka buɗe, sai ga alale. Najiba ta zuba masa barkono kamar mai ramuwa, ya ci yana shan iska yana share ido, bai bar ko loma ba, bai kuma sam wa kowa ba. Da ya je biko, ita ta gindaya masa sharuɗɗanta, yana zaune a ƙasa yana cewa to. Yau Ummi ta zama budurwa, tabon yana nan a hannunta, ubanta kuwa har yanzu in ya gan shi sai ya kau da kai.

Irin wannan labari Dada tana da shi buhu-buhu. Amma ita da ta mayar da mazan mutane gidajensu, akwai wanda ta kasa mayarwa nata gidan, shi ne mai faifan da ba a ɗauka.

Anas ɗanta ne na fari, ita da marigayi Malam Hudu. Kunyar ɗan fari irin ta Fulani ta sa tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa faɗinsa ba, sai dai "yaron nan." Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi zazzaɓi sai ta jira ɗaki ya zama ba kowa sannan ta taɓa goshinsa. Ya taso da zafin zuciya, da ubansa ya rasu abin ya ƙaru. Wata rana, tun tana aiki, ta sauko daga keke da farar rigarta, a gajiye, ta tarar da taro a ƙofar gida. Anas ya yi faɗa da maƙwabci a kan ruwan kwata, ya ɗauki katako ya karya masa hannu, dattijon da ya yi sa'an ubansa. Mutane suna ta magana, wasu suna cewa ɗan kuka ya jawo wa uwarsa jifa. Zuciya ta ɗebe ta. A gaban kowa ta ɗauke shi da mari, ta ce kada ya sake taka ƙofar gidan nan, ita ba ta haifi dabba ba.

Ya dube ta, ya shiga ya ɗauki 'yar jakarsa ya fita. Ta ɗauka gidan aboki zai je ya huce, yunwa ta koro shi. Ta ajiye masa tuwo. Da kwanaki suka ja, dangi suka ce a bi sawunsa, sai kunyar nan ta riƙe mata harshe, yaya za a ce uwa tana cigiyar ɗan fari? Kafin ta karya kunyar ya yi nisa. Aka ce an gan shi a motar Legas, daga nan labari ya yanke. Shi kuma, kamar yadda aka ji daga baya, ya tafi da yaƙinin cewa uwarsa ta yi masa baki, kuma ɗan da uwa ta kora ba shi da fuskar dawowa.

Dada ba ta ɓoye wa 'yan ajinta wannan ba. In sabon zuwa ya tambayi dalilin dokar zama, takan ce, "Na taɓa yin magana a tsaye. Ga faifan wanda na yi wa ita nan." Daga nan ba ta ƙarawa. Amma mu maƙwabta mun san sauran. Mun san duk acaɓan da ya rage gudu a ƙofar gidan sai ta ɗaga kai. Mun san in an yi sallama da muryar namiji takan ɗan jinkirta amsawa, tana sauraro. Mun san ranar Sallah tana zuba abinci a kwano guda ta rufe, sai la'asar ta bayar sadaka. Kewa ta cinye ta a tsaye shekara da shekaru, tana dariya da ƙarti a rumfa, tana shiga ɗaki ita kaɗai.

Da Sadisu ya bar keke ya koma tuƙa babbar mota, yana kai waken Gombe Legas, sai ta kira shi gefe. Ta miƙa masa langa ɗaure da ƙyalle, farin wake a ciki wanda ta tsince da hannunta. Ta ce, "In Allah ya sa ka ga yaron nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Langar nan ta sha tafiya. Ta je Legas ta dawo ba adadi, in wake ya fara tsufa Dada ta juye ta tsince sabo. Sadisu yana bin rumfunan 'yan Arewa a kasuwar da ake sauke kaya, yana tambayar duk wanda ya ji Hausarsa da ƙanshin Gombe. A bara ya dace. Ya sami Anas yana kula da masu sauke buhuna, furfura ta fara fito masa a gemu, yana da mata da 'ya'ya. Sadisu ya ba shi langar, ya bayyana masa abin da take nufi a Nasarawo. Anas ya daɗe yana kallonta. Sadisu ya zaro waya ya ce bari ya kira Dada su gaisa, sai Anas ya riƙe masa hannu.

"Maganar da aka yi ido da ido ba a warware ta a waya," in ji shi. Ya rungumi langar ya shige cikin kasuwa.

Da Sadisu ya kawo labari, Dada ta tambaye shi abu biyu kawai, ko yana da lafiya, ko yana sallah. Sannan ta shiga jira irin wanda ta sha sa wasu su yi. Watanni suka shuɗe, langa ba ta dawo ba.

A cikin jiran nan idanunta suka ƙara rauni. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, sai dai a rage masa sauri. Ta kai ba ta bambance wake da tsakuwa sai da yatsa, ba ta gane fuska sai an yi magana. Ta ce mai koya wa mutane lura da fuskar fushi bai kamata ya kasa ganin fuska ba, don haka za ta miƙa ajin ga Madam Edna, a koma gidan Madam ɗin a unguwar Federal Low-Cost, tsofaffin ɗalibai su riƙa taimakawa. 'Yarta Batul ta roƙe ta ta koma wurinta a Gabukka, inda za a kula da ita. Ta ƙi. Ta ce yaron nan wannan ƙofar kaɗai ya sani, in ya zo ya tarar da kwaɗo zai ɗauka maganar tana nan.

Asabar ɗin ƙarshe layinmu bai taɓa ganin keke da yawa haka ba. Rumfa ta cika, aka shimfiɗa tabarmi har kan hanya. Mata suka zo da kwanuka, Najiba ta kawo alale, wannan karon da barkono daidai misali. Shugaban masu keke ya miƙe zai yi jawabi, jama'a suka haɗa baki suka ce masa "Joɗa!" Ya zauna yana dariya, ya yi jawabinsa a zaune. Dada tana tsakiya da farin mayafi, faifan nan yana hannun damanta kamar kullum.

Ana cikin addu'a acaɓa ya sauke Sadisu, da ƙurar hanya a jikinsa, ko gida bai biya ba. Ya ratsa mutane ya durƙusa a gabanta, ya ɗora mata abu a cinya. Ta shafa ƙyallen, ta shafa murfin, ta gane langarta ta wurin da fentin ya ɓare a baki. Ta kwance, ta buɗe, ta tura yatsu.

Wake ne ɗanye.

Duk wanda ke rumfar ya san ma'anar wannan. Dada ta mayar da murfin a hankali. Ta ɗora yatsa a wuyan hannunta kamar yadda ta koya wa mutane, ta ja numfashi, ta ce, "Ba komai. Haƙƙinsa ne. A miƙo mini faifai."

"Dada, tsaya," in ji Sadisu. "Wallahi ba naki ba ne. Naki fari ne, wannan ja ne, irin wanda suke ci a can. Sake taɓawa ki ji."

Ta sake buɗewa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza a tsakanin yatsu.

"Naki tun a ranar ya kai wa matarsa ta dafa, ya ci da 'ya'yansa," in ji Sadisu. "Ya ce ya rasa yadda zai yi, don dafaffen abinci ba ya kai Gombe. Shekaranjiya ina shirin tasowa ya zo da wannan a leda. Ya ari faranti wurin mai abinci, ya zauna a inuwar motata yana tsinta, yaran da ke ƙarƙashinsa suna yi masa dariya, bai kula su ba. Da ya gama ya ce in kawo miki. Ya ce shi ma yana da laifin da zai nemi gafara. Ya ce in gaya miki a zaune ya tsince."

Dada ta jawo faifan da ba a ɗauka, ta juye waken a kai, ta shiga binsa da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan, yadda take duba aikin kowane ɗalibi. Mutane fiye da yadda rumfa za ta ɗauka suna kallon hannun tsohuwa yana neman tsakuwa. Ta bi, ta sake bi. Sannan ta ɗago fuskarta, hawaye yana bin kuncinta, ta ce, "Babu ko ɗaya. Anas ya iya."

Batul ta fashe da kuka, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan yayanta a bakin uwarsu ba.

Bisa doka, yanzu Dada ce za ta dafa ta mayar. Madam Edna ta ce to yaya za a yi ƙosai ya kai Legas? Dada ta share ido da bakin mayafi ta ce wa Sadisu, "Kira shi ka gaya masa na karɓa. Ka ce maganar da na yi na janye ta, ga shaidu sun ji, zan kuma maimaita masa ido da ido. Amma ba zan jiƙa waken nan ba sai ya kamo hanya. In ya iso Bauchi ya buga waya. Daga Bauchi zuwa nan ya isa a jiƙa, a surfe, a kai markaɗe." Sadisu ya koma gefe ya kira. Ya dawo ya ce Anas ya ce to, in ya sallami aikin da ke hannunsa.

Dada Asta, uwar masu zafin zuciya, mun gode. Ke ce kika zaunar da waɗanda ba mai iya zaunar da su. Akwai yara a Nasarawo da Gabukka da suke rugawa su tarbi ubansu in ya dawo, ba su san albarkacinki suke ci ba. Akwai kawunan da ba a fasa ba, da auren da bai mutu ba, da samarin da ba su kwana a hannun hukuma ba, ba kuwa wanda zai iya nuna su ya ce ga su, don abin da bai faru ba ba ya barin shaida. Kin ɗauki ciwonki kin yi wa gari magani da shi. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki haske, ya sanyaya zuciyarki kamar yadda kika sanyaya na mutane.

Mu kuma da muka saura, ba sai mun yi karatun jinya ba. Ajin yana nan a gidan Madam Edna, wanda ya san kunnuwansa suna zafi ya je, ba abin kunya ba ne. Wanda yake da rumfa da tabarma a unguwarsu ya je ya koyo ya buɗe irinsa. Wanda kuma yake da wani da ya yi wa magana a tsaye, kada ya jira shekarun da Dada ta jira kafin ya aika.

Saura kai, Anas, in wannan ya iso gare ka. An ɗauke tabarmi an kai wani gida, amma har yau ranar Asabar uwarka tana share rumfar, ta yayyafa ruwa, ta ajiye faifai ɗaya. Wakenka yana cikin langa, ta zuba masa busasshen barkono don kada ƙwaro ya taɓa shi. Batul ta ƙara wa wayar Dada ƙara, ita kuma tana ajiye da ita a cinya, duk wanda ya kira sai ta fara tambayarsa daga ina. Idonta yana raguwa, ka zo tun tana iya ganin inuwar mutum a bakin ƙofa. Ka dai tuna ka kira daga Bauchi, ta riga ta gaya wa mai markaɗe ya bar mata layi.